Neman sunan Hausa: abin da ke damƙa a cikin kulocin motar rimot

Mai fassara: Salamu alaikum malamaina. Ina da aikin da zan miƙa ranar Juma'a. Bidiyo ne na Turanci da muke ɗora wa muryar Hausa saboda ɗaliban kimiyya na sakandare. Wani Ba'amurke ne ya kwance motarsa T-Maxx ta kamfanin Traxxas, irin ƙananan motocin nan masu ƙattin tayoyi da ake tuƙawa da rimot. Wannan ba da batir take tafiya ba, injin gaske gare ta, tana shan man da aka haɗa da metanol da naitiromitan. Yana bayanin yadda ake zaɓar sabon abin da suke kira kuloc shu. Guda biyu ne, kowanne rabin zobe, suna zaune a kan filawil, wato faifan da injin ke juyawa, sifirin ya ɗaure su. Da injin ya ɗauki gudu sai su buɗe su kama cikin wani kwanon ƙarfe mai haƙora, shi kuma ya juya giya. Na rubuta "takalmin kuloci", amma kunnena ya ƙi karɓa. Me za mu ce?

Bakanike: Wa alaikumus salam. Mu dai a gareji shu muke cewa, kamar na birki. Irinsa ne a injin yanka itace, kuma dabarar ce ta sa babur roba-roba ba shi da hannun kuloci. Ka ce shu ɗin kuloci, kowane yaron gareji zai gane.

Malamin Hausa: Takalmi dai a bar shi, kwafo ne kai tsaye, Bahaushe ba ya ganin ƙafa a wurin. Shu kuwa ba kalma ba ce, sauti ne. Muna da hanyar ƙera sunan kayan aiki: ma- a gaba, -i a baya, kamar mabuɗi da magirbi. Aikin abin nan damƙa ne, saboda haka madamƙi, jam'i madamƙai. Madamƙan kuloci.

Malama: Me ya hana a ɗauko daga kama, Malam? Ya fi sauƙi a baki.

Malamin Hausa: Zai ba mu makami, Malama, ga shi kuwa yaƙi ya riga mu ɗauka. Riƙe kuma ya ba da mariƙi, wanda kowa ya san na ƙofa ne ko na tukunya. Madamƙi ne kaɗai ba shi da mai shi.

Ɗan Maraɗi: A wajenmu kuloci ambirayaj ne. Bafaranshe kuma bai ga takalmi a abin nan ba, muƙamuƙi ya gani, har na birki haka yake kiransa. To ga muƙamuƙin kuloci, tunda buɗewa yake ya cije.

Malama: Ko haƙoran kuloci?

Mai Savage: Haƙora za su rikita yara, Malama, don kwanon da ake kamawa shi ma yana da haƙoran giya a bayansa. Ina da irin motar, tawa Savage ce ta kamfanin HPI, kuma tata guda uku ne, kowanne da nasa sifirin, ba biyu da sifirin ɗaya da ya zagaye su irin na T-Maxx ba. Mai fassara, ka lura, sunan da za ka zaɓa dole ya jure maimaici, don gaba ɗaya zancen zaɓi kwatanci ne. Akwai na alminiyam, akwai na roba mai tauri da aka gauraya da kabon. Na alminiyam ya fi cizo, motar na zabura nan take har ta ɗaga gaba, kuma ba ya narkewa. Amma gefensa na tauyewa ya yi baki-baki, sai an riƙa cire shi ana goge shi da zarto, in ba haka ba ya maƙale ya daina buɗewa. Yana kuma cin kwanon, shi ya sa ake haɗa shi da kwanon ƙarfe mai tauri. Na roba yana kamawa a hankali, ya fi tausaya wa giya, ba ya buƙatar gyara, sai dai in motar ta maƙale a ciyawa ko yashi mutum ya ci gaba da ba ta wuta, zafi zai narkar da shi. Ni ga mai koyo na roba nake ba da shawara, musamman da yake nauyin motar da girman tayoyin sun riga sun ɗora wa giya aiki.

Mai fassara: Allah ya saka da alheri, Yaya. Akwai wurin da yake ambaton 0.9 da 1.0 da 1.1, wannan fa?

Mai Savage: Kaurin wayar sifirin ne da milimita, a kuloci mai guda uku. Mai kauri ya fi riƙewa, sai injin ya yi gudu sosai kafin su buɗe, motar ta tashi da ƙarfi. Siriri yana sakin su da wuri, tashin ya zo da laushi. Ka kuma sa wa yara alamun lalacewa: in injin na kuka motar ba ta gaba, sun cinye ko mai ya taɓa su. In motar na rarrafe ba a ba ta wuta ba, ko injin ya mutu da an taka birki, sifirin ya tsinke. Kwanon da ya koma shuɗi kuwa zafi ne ya yi masa yawa, a canza shi tare da boris ɗinsa.

Malamin Hausa: Kun ji da kunnenku: cizo, kamawa, riƙewa. Duk damƙa ce. Sannan alminiyam ɗin ma a gyara, muna da goran ruwa. Kuloci kansa da na samu goyon baya da na sauya shi.

Bakanike: Ranka ya daɗe, da girmamawa, shekara nawa ana cewa mota da birki da giya da taya? Akwai wanda Hausarsa ta ragu? Ku ƙera a aji, mu a kasuwa ba mu ji ba. Yaron da ya je kasuwar kayan gyaran mota ta Ƙofar Ruwa a Kano ya ce a ba shi madamƙi, hannu wofi zai dawo.

Malamin Hausa: Motar da ake odar kayanta daga Amurka ba a Ƙofar Ruwa za a nemi kayanta ba. Darasi ake rubutawa. In yaro ya ji madamƙi ya san aikin abin tun kafin a nuna masa, in ya ji shu sai ya haddace kawai. Abin da ke damuna ke nan, mun saba wa 'ya'yanmu da cewa kimiyya ba ta shiga bakinsu sai da aro.

Ɗan Maraɗi: Aron ma ai na ɓangare ɗaya ne. Kullum abin da Kano ta ara daga Ingilishi shi ne Hausa, namu kuma a ce Faransanci ne. Ɗalibin Damagaram da zai kalli bidiyon nan bai san shu ba, bai san kuloci ba.

Malama: Wannan gaskiya ne, kuma ita ce hujja mafi ƙarfi da madamƙi ya samu yau, don damƙa ba ta san iyaka ba. Amma Malam, akwai abu guda. Na gwada faɗa da ƙarfi: "madamƙan alminiyam sun fi madamƙan roba damƙa". Ya yi nauyi a harshe, kuma mai karanta murya yana bin bakin Bature ne, lokacinsa ƙidayayye.

Malamin Hausa: Sabo ne. Kowace kalma da nauyi take farawa.

Bakanike: Muƙamuƙi ma ya fi shi tsawo, kuma muƙamuƙi rufewa yake ya kama abu a ciki, wannan kuwa buɗewa yake ya kama waje.

Ɗan Maraɗi: Na birkin ganga ma waje yake buɗewa, amma na ji, na janye.

Mai fassara: Lokaci ya matsa mini, ga abin da zan yi. A karon farko mai murya zai ce "madamƙan kuloci, waɗanda makanikai ke kira shu", daga nan madamƙai kawai. Kwanon zan bar shi kwanon kuloci, ba ƙararrawa ba kamar yadda Bature ya ce. Alminiyam na nan yadda yake, Malam ka yi haƙuri, yara sun fi saninsa a littafin kimiyya. Ambirayaj zan rubuta shi a ƙasan hoto sau ɗaya.

Bakanike: Ba laifi, tunda ka ambaci namu. Ni dai a gareji shu zan ci gaba da cewa.

Malamin Hausa: Ban so a jingina shi da shu ba, amma a fara da haka. Maganar goran ruwa kuma ban bar ta ba.

Mai Savage: Kafin ka miƙa, duba wurin ɗaurawa. Madamƙan suna da fuskar da suke kallo, in an juya su kamun yana canzawa, don haka ka tabbata muryar ta faɗi ɓangaren da hoton ya nuna.