Saukar jiya a Sakkwato: ganganci ne ko me?

Ɗan Mabera: Jama'a, yau sai na faɗa. Jirgin da ya kawo mu daga Abuja jiya da yamma, matuƙin ya buga mu da ƙasa, jirgin ya yi tsalle ya sake bugawa. Akwatunan sama sunka buɗe, wata tsohuwa kusa da ni ta riƙe mani hannu tana ta salati. Ko haƙuri ba a ba mu ba. Yawancin haɗurran sauka gangancin matuƙa ne, amma ba mai son faɗa.

Injiniya: Barka da arziki. Amma ka janye kalmar ganganci. In akwai iskar gefe ko titi ya jiƙe, da gangan matuƙi yake dasa tayoyi da ƙarfi don su kama ƙasa. Wanda ya tsaya lallaɓa jirgi don fasinja su ji daɗi, titi na iya ƙare masa.

Hajiyar Gidan Igwai: Kun ji ko? Da bakinsa ya ce da gangan. To mene ne ganganci in ba wannan ba?

Injiniya: Hajiya, yi da niyya daban, wasa da rai daban.

Hajiyar Gidan Igwai: Tsallen ma da niyya anka yi shi?

Malam na Kanwuri: Ku ji tsoron Allah. Ajali in ya zo ba gwanin da ke tare shi. Mun rasa Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido a jirgin kamfanin ADC ranar 29 ga Oktoba 2006, mutum 96 sunka rasu. Za ku ce mana ganganci ya kashe Sarki?

Ɗan Mabera: Allah gafarta Malam, ai wannan tashi ne daga Abuja, ba sauka ba. Kuma binciken ya nuna sun tashi cikin muguwar iska alhali an sanar da su yanayin.

Malam na Kanwuri: Yaro, ba kai za ka koya mani abin da ya faru da Sarkinmu ba. Ina wurin jana'iza.

Baban Zainab: In sauka kuke so, ga Fatakwal, 10 ga Disamba 2005, jirgin kamfanin Sosoliso. Akwai wani tsayi da in matuƙi ya kai bai ga titi ba, doka ta ce ya ƙara wuta ya tashi ya sake zagayowa. Sun wuce wannan tsayin cikin ruwa da iska ba su ga titi ba, sai da lokaci ya ƙure sunka nemi tashi. Mutum 108 sunka mutu, da yawansu 'yan makaranta masu komawa hutu. Nan ne yawanci ake faɗuwa. Jirgi ya taho da gudun da ya wuce kima ko bai saitu da titi ba, matuƙi ya ƙi fasa sauka saboda ya riga ya sa rai, mataimakinsa kuma ya ji nauyin yi masa magana.

Injiniya: Har fitilun titi ba su kunne a ranar, me ya sa ba ka faɗa ba? Kullum matuƙi, don ya mutu ba ya iya kare kansa.

Hajiyar Gidan Igwai: Injiniya, mun san ƙanenka na makarantar tuƙin jirgi ta Zariya, shi ya sa.

Injiniya: Ki bar ƙanena a nan, Hajiya. Ke sau nawa kika hau jirgi?

Hajiyar Gidan Igwai: Na yi aikin Hajji tun kana goye. Kuma a jirgin Jidda na 1991, mai kawo alhazanmu Sakkwato, akwai 'yar unguwarmu. Mutum 261, ba wanda ya fita.

Injiniya: Allah ya jiƙan su. Amma kin kawo hujjata. Tayoyin da ba su da isasshiyar iska sunka fashe wajen tashi, wuta ta kama, matuƙan suna ƙoƙarin komawa su sauka jirgin ya faɗi. Waɗanda sunka bar jirgin ya tashi a haka masu kula da shi ne, ba matuƙan ba.

Ɗan Mabera: To ganganci ne dai, ko na wa.

Malam na Kanwuri: Ƙaddara ce.

Baban Zainab: Malam, ai an ce mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali.

Malam na Kanwuri: Ka je ka yi karatu kafin ka jawo mani hadisi.

Ɗan Mabera: Ni fa maganar saukar jiya nake, ba wanda ya amsa mani.

Shugaban zaure: Ya isa haka. Abin da na fahimta, kusan kowa ya yarda laifin na kamfanoni ne da masu kula da kayan aiki a ƙasa, kamar yadda Injiniya ya warware mana da ilimi, kuma maganar Jidda ta tabbatar. Malam ya tuna mana ƙaddara, mun gode. Ɗan Mabera ya tsorata ne, muna yi masa uzuri, amma muna so ya janye kalmar ganganci. Na rufe maganar.

Baban Zainab: Shugaba, Fatakwal fa? Ka tsallake ta gaba ɗaya.