Taƙaitawar shawarwari kan sassauta lokutan aiki tsakanin ma'aikata da masu ɗaukar aiki

Ga abin da na tattaro daga doguwar tattaunawar da muka yi:

1. Kusan kowa ya amince cewa duk wani canjin lokacin aiki dole ne a rubuta shi cikin yarjejeniyar da ƙungiyar ƙwadago ta sa wa hannu, domin alkawarin baki yakan tafi tare da shugaban da ya yi shi.

2. An yi ta kawo misalin Jihar Kaduna, wadda ta koma aikin kwana huɗu a mako a Disambar 2021, da kuma Edo da Kwara da suka rage ranakun zuwa ofis a 2023 bayan cire tallafin man fetur. Masu goyon baya sun ce kuɗin mota ya ragu. Wasu kuwa sun nuna cewa ma'aikaciyar jinya da ke kwana a asibiti ba ta cin moriyar irin wannan tsari, kuma a ganina wannan ƙorafi yana da nauyi ƙwarai.

3. Ra'ayi ya rabu kan musayar ranakun aiki: wasu na son ma'aikata su shirya tsakaninsu, wasu na ganin sai da sanin wakilin ƙungiya.

4. Babu wanda ya yarda a taɓa albashi ko kuɗin ƙarin lokaci.