Musayar waƙa: In ba ka tare da mu, kar ka ɗaga mu daga nan

Ɗan Zabura:
Salama gare ku 'yan'uwa cikin Kristi. Musayar yau a kan kasancewar Allah tare da mu ce, doka dai kamar kullum, kowa ya amsa wa na gabansa da baiti kuma ɗangon ƙarshe ya faɗa kan "ba", bayani in akwai a sa a ƙasa. Na ɗauko daga Fitowa 33, bayan rikicin ɗan maraƙin zinariya, inda Allah ya ce wa Musa ku kama hanya, ƙasar taku ce, zan aiko mala'ika gabanku amma ni ba zan tafi a tsakiyarku ba. An ba su komai fa, amma jama'a suka shiga makoki, Musa kuma ya ƙi motsi.

An ce ga ƙasar zuma da madara,
Ga mala'ika, shi ne zai jagora,
Musa ya ce wannan ai asara,
In babu kai ba za mu ɗaga ba.

Mun iya roƙon gida da sutura,
Mu roƙi aiki, mu roƙi nasara,
Wa ke kuka in Mai bayarwa ya ƙaura?
Mun riƙe kyauta, ba mu nemi mai ita ba.

'Yar Sihiyona:
Yaya, baitinka ya taɓa zuciya,
Amma bari in faɗa maka gaskiya,
Ina durƙuso dare har safiya,
Na kira, na kira, ban ji amsa ba.

A sujada kowa na ɗaga hannuwa,
Wasu na ta kuka, wasu na rawa,
Ni ko a ciki babu ko motsawa,
Ko dai ya tafi ne ban sani ba?

Ba don waƙa kawai na rubuta ba, da gaske nake, an daɗe ina cikin wannan halin. Ina karanta Littafi, ina zuwa coci, ban daina komai ba amma ji nake kamar ni kaɗai ce a ɗakin in na rufe ido.

Mai Ƙaho:
'Yar'uwa tambayarki ta ƙarshe ba ta wasa ba ce, don Littafi ya nuna mana yana yiwuwa.

Samson ya farka a cinyar Delila,
Ya ce zan fita, ba wata matsala,
Ashe an aske, saura wahala,
Bai san Ubangiji ya rabu da shi ba.

'Ya'yan Eli sun ɗau akwatin alkawari,
Aka yi ta sowa kamar an ci gari,
Filistiyawa suka kwace shi da sauri,
Sowa ba ta sa Allah ya zo ba.

A wannan yaƙin na 1 Sama'ila 4 mutum 30,000 suka faɗi, Hofni da Finehas 'ya'yan Eli suka mutu, matar Finehas ta haihu ta sa wa yaron Ikabod don ɗaukaka ta tashi daga Isra'ila. Ishaya 59 ma ya faɗa ƙarara cewa hannun Ubangiji bai gajarta ba, laifofinmu ne ke shiga tsakani. Ni dai shawarata ki zauna ki bincika zuciyarki da kyau, ko akwai wanda kika riƙe a rai ko wani abin da kika san bai dace ba.

Mama Mai Addu'a:
Ɗana sassauta da wannan tuhuma,
Abokan Ayuba sun yi irinta su ma,
Daga zaman makoki suka koma gardama,
Ƙarshe Allah bai yaba musu ba.

Ayuba ya ce na duba gabana,
Na waiga baya, hagu da damana,
Ban gan shi ba, amma ya san tafarkina,
Rashin ganina bai kore shi ba.

'Yata ki saurare ni. Kwana 7 Elifaz da Bildad da Zofar suka yi zaune a ƙasa tare da Ayuba ba su ce uffan ba, wannan ne mafi alherin abin da suka yi masa, da suka buɗe baki sai neman zunubin da babu shi, har a sura 42 Allah ya ce musu ba ku faɗi gaskiya a kaina ba kamar bawana Ayuba. Ban ce maganar Mai Ƙaho ƙarya ce ba, bincika zuciya abu ne mai kyau ga kowannenmu, amma ba kowane shiru ne hukunci ba. Yaron da zazzaɓi ya rufe da dare yana ta kiran uwarsa yana kuka, ita ko tana zaune a gefensa tun farkon dare hannunta a goshinsa, zafin jikin ne ya hana shi sani. Ki ci gaba da durƙuson nan, kar ki bari kowa ya sa ki ji kunyar faɗa.

Malamin Lahadi:
Mama kin riga ni, amma bari in ɗora a kai.

Yakubu na gudu daga gaban Isuwa,
Ya ta da kai da dutse, dare na tsalawa,
Da ya farka sai ga shi yana cewa,
Ubangiji na nan, ni ban sani ba.

Mutum biyu kan hanyar Imuwasu,
Baƙo ya zo ya jera da su,
Yana ta buɗe Littafi gare su,
Kafin gurasa ba su gane shi ba.

Ku sa Samson da Yakubu gefe da gefe ku gani. Samson ya tashi da ƙarfin gwiwa yana ji a jikinsa komai daidai ne, alhali an tafi an bar shi. Yakubu kuwa ya kwanta a jeji shi kaɗai, ɗan gudun hijira mai laifi a wuyansa, ba abin da ya ji, alhali wurin cike yake da Allah har ya sa masa suna Betel. Duka biyun abin da suka ji a jiki ya ruɗe su. Na Imuwasu kuma tafiyar kusan mil 7 ce daga Urushalima, suna ba Yesu labarin mutuwar Yesu fuska a murtuke, sai daga baya suke tambayar juna ashe zuciyarmu ba ta yi ta ƙuna a hanya ba. Sau da yawa sai an wuce wurin ake waiwayowa a gane.

Mai Ƙaho:
To Malam na ji, Mama na gode. Amma in abin da mutum ke ji ba ma'auni ba ne, mene ne ma'aunin? Don in muka tsaya nan kowa zai kwanta ya ce ai yana tare da ni ko na ji ko ban ji ba, ya ci gaba da abin da ya ga dama.

Lawudikiya ta ce na wadata,
Ba na bukatar komai a rayuwata,
Ga Yesu tsaye a bakin ƙofarta,
Yana ƙwanƙwasawa, ba ta buɗe ba.

Dauda da annabi Natan ya kama shi,
Ya manta da kambi da gadon mulkinshi,
Kar ka ɗauke Ruhunka, shi ne kukanshi,
Ya ga Saul, bai so irin ƙarshen ba.

Ayar ƙwanƙwasa ƙofar nan ta Wahayi 3:20 da muke yawan karanta wa marasa bi, ikilisiya aka rubuta wa ita fa, masu sujada da baiko da komai, Ubangijinsu na waje su ba su ma lura ba. Wannan ke ba ni tsoro.

Baba Dattijo:
Tambayarka mai kyau ce ɗana, tsoron ma mai kyau ne, kar ka yar da shi.

Labule ya tsage daga sama har ƙasa,
Ran da Ɗan Rago ya ba da ransa,
Dā sau ɗaya a shekara firist ke isa,
Yau ba a hana ko yaro shiga ba.

Ya ce zan roƙi Uba ya aiko,
Wani Mai Taimako, Ruhu mai iko,
Ya zauna cikinku, ba zuwan baƙo,
Ya ce ba zan bar ku marayu ba.

Ka nemi ma'auni, ga shi a Yahaya,
Reshen da ke jikin inabi na 'ya'ya,
Ƙauna, haƙuri, yafe wa maƙiya,
Reshen da ya rabu bai taɓa yi ba.

Abu biyu nake tsayawa a kai. Na farko alkawarinsa, don Matiyu ya buɗe da sunan Immanuwel, Allah tare da mu, ya kuma rufe da ina tare da ku kullum har matuƙar zamani, shi ya ɗaure kansa da wannan maganar, ba mu muka roƙa ba. Na biyu 'ya'yan da ke fitowa, waɗanda Bulus ya jera a Galatiyawa 5, su ba a iya ƙirƙirarsu da kiɗa ko ƙarar lasifika. Sannan ka lura da bambancin Lawudikiya da 'yarmu da ta yi magana a sama. Lawudikiya cewa ta yi ba na bukatar komai. Ita kuwa kuka take don tana marmarinsa, to wa ya sa mata wannan marmarin in ba Ruhun da ke cikinta ba? Wanda aka bari da gaske yawanci bai damu ba, barcinsa yake sha.

Mama Teresa ta Kalkata a Indiya, wadda ta rasu a 1997, bayan mutuwarta aka buga wasiƙunta a 2007 duniya ta ga ashe shekaru da yawa ta yi ba ta jin kusancin Allah a addu'a, duhu kawai, amma ba ta bar addu'ar ba kuma ba ta bar ɗaukar marasa lafiya da masu mutuwa a titi ba. Ni in aka tambaye ni ko yana tare da ita a waɗannan shekarun, hannuwanta zan duba.

Mai Aikin Dare:
Baba mun gode. Ni matsalata daban ce, aikina ba ya barina in samu sujada kowane Lahadi, dā ina ganin kamar na bar Allah a coci sai na koma zan same shi.

An sayar da Yusufu an kai shi Masar,
Ya zama bawa a gidan Fotifar,
Sharri ya kai shi kurkukun ƙasar,
Ko'ina Ubangiji bai bar shi ba.

Sarki ya jefa mutum uku a wuta,
Ya leƙa ya ga huɗu, ya firgita,
Allah bai kashe ta ba, ya shiga cikinta,
Ko warin hayaƙi bai kama su ba.

Farawa 39 ta maimaita cewa Ubangiji na tare da Yusufu, kuma duk a gidan bauta ne da gidan yari, ba haikali ba bagade. Akwai kuma wani bawan Allah a Faransa, Ɗan'uwa Lawrence, ya rasu a 1691, shekaru ya yi yana aikin kicin a gidan sufaye a birnin Faris, aikin da ma ba sonsa yake ba, amma ya koya wa kansa yin hira da Allah yana wanke tukwane, har ya ce a wurinsa lokacin aiki da lokacin addu'a ba su da bambanci. Shi nake gwadawa yanzu, kalma biyu uku a zuci ina tsakiyar aiki, wani lokaci in manta na awanni sai in tuna in dawo.

'Yar Sihiyona:
Na karanta duka, wasu sau biyu.

Mama na gode, Baba na ji ka,
Yaya Mai Ƙaho zan bi shawararka,
Yesu ma kan gicciye ya yi kuka,
Don me ka yashe ni, bai ɓoye ba.

Shi ya sha yashewar don ni in tsira,
To zan riƙe wannan in ci gaba da kira,
Ko da shirun nan ya ƙara shekara,
Alkawarinsa bai dogara da jina ba.

Ba zan ce yau komai ya canza ba don bai canza ba, amma zan koma Zabura 22 in karanta har ƙarshe, kullum a ayar farko nake tsayawa. Mama in kina da lokaci ki sa ni a addu'arki.

Mama Mai Addu'a:
Ba sa ki kawai zan yi ba 'yata, tare za mu yi, ki turo min saƙo mu tsayar da lokaci. Shi ya ce inda biyu ko uku suka taru cikin sunansa yana tsakiyarsu, to mun kai biyu.

Mai Ƙaho:
Amin. Amma tunda Baba ya ce hannuwa zai duba, ga wani wurin da Yesu ya ce yana nan, mu kuwa ba mu cika zuwa neman shi can ba.

Ya ce na ji yunwa, na ji ƙishirwa,
Na zo baƙo, ba ni da tufar sawa,
Ina kurkuku, ina ciwo, ba mai leƙowa,
Suka ce yaushe? Mu ba mu gan ka ba.

Muna ta waƙa, sauko, sauko,
Muna jiran wuta ta faɗo da iko,
Shi ko yana asibiti ba mai ɗauko,
Yana bakin ƙofa, ba mu tanka ba.

Matiyu 25 ke nan, kuma abin lura har waɗanda suka ciyar da shi ɗin ma tambaya suka yi yaushe muka gan ka. Malamin Lahadi, wannan baitin kai nake so ka amsa min, ko taron sujadar da ya cika da kuka da rawa amma ba wanda ya je duba mara lafiya a cikin mako zai iya cewa Allah ya sauko a cikinsa. Baba kai ma kar ka yi shiru.