Me za mu kira "adaftib oftiks" da Hausa?

Jama'a, ku taya ni. Kwana biyu ina neman sunan Hausa na wata fasaha da ake ɗaukar hoton bayan ido da ita, wato ratina, wannan tantanin da haske ke sauka a kansa. Masu ita suna ce mata adaftib oftiks, kuma ko a bakina ba ta zama.

Bari in fara da abin da take yi. Ka jefa kwabo cikin bahon ruwa, ka motsa ruwan, ka leƙa. Kwabon yana nan, amma rubutun jikinsa ba ya karantuwa. Haka kyamara ke fama da ido. Hasken da ya dawo daga ratina sai ya ratsa madubin cikin ido da gilashin gaban ido da ruwan hawayen da ke kwance a kansa, kowanne ya ɗan karkata shi, hoton ya fito dishi-dishi. Tabarau na gyara manyan karkata ne kawai. Ƙananan suna nan, kuma kowace ƙiftawa sauya su take yi.

Masu nazarin taurari ne suka fara shan wannan wahala, domin iska na wargaza musu hoto. A 1953 ɗaya daga cikinsu, Horace Babcock, ya kawo dabarar gyara hoton. A 1997 Junzhong Liang da David Williams da Donald Miller na Jami'ar Rochester a Amurka suka juyo da ita cikin ido. Wata na'ura ta auna karkatar hasken, kwamfuta ta lissafa, sai wani siririn madubi mai 'yan turaku 37 a bayansa ya lotsa nan, ya kumbura can, har karkatar ta warware. Da haka aka ga ƙwayoyin da ke gane launi ɗaya bayan ɗaya a idon mutum mai rai. Kowace ƙwaya ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na kaurin silin gashi ba.

To, sunan fa?

Wani ɗan'uwa ya ce "gyaran haske". Da ka faɗa, hankalin mutane zai tafi ga mai gyaran wutar lantarki.

Wata 'yar'uwa ta kawo "madubi mai lanƙwasa". Ya fi, don ana ganin abin a ido. Amma madubi ɓangare ɗaya ne, kuma akwai na'urorin da ba madubi suke amfani da shi ba.

Ni da kaina na daɗe a kan "miƙe-haske", har na so shi. Sai na lura ya nuna kamar sau ɗaya ake yi a huta. Alhali ruhin abin shi ne bibiya: ido na motsi, hawaye na bushewa, na'urar na aunawa tana gyarawa sau da yawa cikin daƙiƙa guda.

Shi ya sa na tsaya a kan "bi-da-gyara". Ginin namu ne, irin na bi-ta-da-ƙulli da faɗi-tashi. Fasahar, bi-da-gyara. Madubin, madubin bi-da-gyara. Na'urar da ke aunawa kuwa, ma'aunin karkatar haske.

Ku gwada shi a bakin likita: "Baba, ɗora haɓarka nan, za mu duba bayan idonka da na'urar bi-da-gyara." Malaman asibitin ido da 'yan fassara na gidajen rediyo, ya zauna muku a baki, ko akwai inda ya yi tuntuɓe?