Babban kamshaf da babban kafireto: su ne farkon abin saye ga tsohuwar motar titi?

Ɗan Tsere: Assalamu alaikum. Ga maganar da nake so a tattauna. Mu ɗauki injin Chevrolet 350, mai lita 5.7, wanda ya fara fitowa a motar Camaro a 1967. Ni a wurina duk mai son wannan injin ya farka, ya sa kamshaf (sandar da ke buɗe bawul) mai digiri 240, wato tsawon lokacin da yake barin bawul a buɗe, da kafireton kamfanin Holley mai lamba 750 (awon iskar da yake iya wucewa da ita a minti) mai famfo biyu, da manifol (hanyar da ke raba iska da fetur ga silindoji) mai fili ɗaya irin Victor Jr. Inji da iska yake aiki. Ka buɗe masa hanya, ya ba ka ƙarfi. Sauran duk ƙari ne.

Tsohon Bakanike: Wa alaikumussalam. Ɗana, kayan da ka lissafa masu kyau ne, amma na filin tsere ne. Victor Jr. daga juyi 3,500 a minti yake fara aiki har zuwa 8,000. Motar titi kuwa rayuwarta tsakanin 1,500 da 3,500 take. Ka sayi ƙarfi ke nan a inda ƙafarka ba ta zuwa, ka zubar da shi a inda kake kullum.

Ka duba abin da dogon kamshaf yake yi. Yana jinkirta rufe bawul ɗin shigar iska har sai fistin ya yi nisa da hawowa. Idan inji na gudu sosai, saurin iskar ne ke ci gaba da cusa ta cikin silinda, sai a samu riba. A ƙaramin juyi babu wannan saurin, sai fistin ya mayar da wani kaso na iskar da fetur baya. Matsin da ya rage a silinda ya ragu ke nan. To yawancin injinan 350 na tsakiyar shekarun 1970 dama matsinsu bai wuce 8.5 ba, saboda kan silinda mai ramin cc 76. Ka ɗora digiri 240 a kan wannan, mota za ta riƙa tashi kamar an ɗaure mata dutse.

Ɗan Tsere: Baba, ai sai a ɗaga silo a ƙara taimin, ta zauna.

Tsohon Bakanike: Za ta zauna, amma birki fa? Bustan birki, mai sauƙaƙa taka feda, da zuƙar manifol yake aiki, wato jan iskar da inji ke yi. Yana son inci 16 zuwa 18 a geji. Kamshaf irin naka, musamman in tazarar ƙusoshinsa, wato tudun da ke ɗaga bawul, digiri 106 ko 108 ce, zai iya sauke ta ƙasa da 10. Taka na farko zai kama, na biyu a cikin cunkoso sai ka ji feda ta sandare kamar itace.

Mai Giyabos: Baba ya faɗi gaskiya, kuma akwai abin da ba a taɓo ba tukuna. Kwambatar giya ta kamfani, wadda ke haɗa inji da giyar otomatik, tana kamawa wajen juyi 1,500 zuwa 1,800. Kamshaf mai 240 yana buƙatar mai kamawa kusan 3,000, in ba haka ba da ka sa giya a tsaye inji zai riƙa jan mota ko ya mutu. Sannan giyar aksul ta baya. Yawancin waɗannan motoci da 2.73 ko 3.08 suka zo, kamshaf ɗin naka kuwa 3.73 yake so. Yi lissafi da taya mai inci 26 a gudun mil 60: da 3.08 inji na juyi kusan 2,400, da 3.73 kusan 2,900, tun da tsohon giyabos otomatik TH350 ba shi da giyar sauƙaƙa gudu. Sai ka koma neman giyabos 700R4 mai wannan giyar domin ya dawo da kai wajen 2,000. Ƙari kuma kwambata mai yawan sulɓi tana dafa man giya, dole a sa mata ƙaramin lagireto nata. Kamshaf ɗaya ya jawo maka sayayya huɗu.

Mai Kafireto: Bari in shiga ta ɓangarena. Lissafin iska ba ɓoyayye ba ne: ka ninka 350, wato girman injin, da iyakar juyin da za ka kai, ka raba da 3,456. A juyi 5,500 zai ba ka 557. Injin titi kuma ba ya cika silindarsa taf, kusan kashi 85 cikin ɗari yake samu, sai ya sauko 473. Kafireto mai 600 ya ishe shi har da saura. Idan maƙogwaron ya yi faɗi, iska na ratsa shi a hankali, ba ta jan fetur da kyau. Shi ya sa da an taka sai mota ta yi shiru na ɗan lokaci kafin ta zabura, fulogi kuma su yi baƙi.

Ɗan Tsere: To Malam, a nan ban yarda ba. Kamfanin Chevrolet da kansa kafireton Quadrajet ya riƙa ɗora wa 350, kuma yawancinsu 750 ne. Injiniyoyinsu ba su iya lissafin ba ne?

Mai Kafireto: Wannan hujja ce mai ƙarfi, na karɓa. Amma cire murfin iska ka leƙa cikin Quadrajet. Maƙogwaro biyu na gaba ƙanana ne ƙwarai, da su mota ke yawo duk yini. Manyan biyun na baya akwai faifai a samansu wanda ba ya buɗewa sai gwargwadon iskar da inji ya nema. Mai famfo biyun da ka ambata da ƙarfe ake buɗe na bayansa, ko inji ya shirya ko bai shirya ba. Don haka in ka nace sai 750, ɗauki Holley 3310 mai buɗewa da zuƙa, ba zan yi maka musu ba. Abin da na ƙi shi ne mai famfo biyu a mota mai nauyi, mai giya otomatik, da aksul 3.08.

Ɗan Tsere: Ka ga ashe lambar ba ita ce laifin ba. Na tsaya a kan 750 ɗina. Na kamshaf kuwa, Baba, in ba da shi za a fara ba, da me?

Tsohon Bakanike: Da kan silinda. Nan ne ƙarfin yake ɓuya. Kan silindar Chevrolet da ake kira Vortec na 1996, mai lamba 062 ko 906, raminsa cc 64 ne. Sauka daga 76 zuwa 64 kaɗai na ɗaga matsi da kusan maki ɗaya, ga hanyar iskarsa ta fi ta tsoffin nesa ba kusa ba. Sai dai ka san abin da yake tafe da shi: manifol nasa daban mai ƙusa takwas, murfin bawul mai ƙusa a tsakiya, da rokoki (hannayen da ke danna bawul) masu daidaita kansu. Kuma kada ɗagawar bawul ta wuce wajen inci 0.450 ba tare da ka auna ba, don faifan da ke riƙe sifirin zai daki robar mai ta bawul. In kana son fiye da haka, a kai wa mai injin yanka ya rage kan gaid ɗin, wato bututun da sandar bawul ke gudu a ciki.

A kan wannan sai ka ɗora kamshaf mai digiri 214 zuwa 224, awon da ake yi a ɗagawar inci 0.050, mai tazara 110 ko 112. Manifol mai fili biyu irin Performer RPM, wanda ke aiki daga 1,500 zuwa 6,500. Bututun hayaƙi masu inci 1 da 5/8, salansa biyu masu inci 2.5. Taimin gaba ɗaya wajen digiri 32, ya gama shigowa kafin juyi 3,000. Vortec ba ya son 36 ɗin da tsoffin kawuna ke sha, in ka ba shi zai fara ƙwanƙwasa.

Mai Giyabos: Da 214 kwambatar kamfani za ta ɗauka. Da 224 gara mai 2,200 zuwa 2,400.

Ɗan Tsere: Ni 224 ya yi mini kaɗan, gaskiya. Da matsi 10 da giyar hannu da aksul 3.73, 230 zai yi tafiya a titi lafiya lau.

Tsohon Bakanike: Da waɗannan sharuɗɗa uku, na yarda da kai. Amma ko wanne ka zaɓa, ranar tayar da shi ta farko ce ke kashe kamshaf mai tafet shafaffe (tafet shi ne ƙarfen da ke hawa kan ƙusar kamshaf). Sabon kamshaf, sababbin tafet, kada ka mayar da ko ɗaya tsoho. Ka shafe kowace ƙusa da man haɗi mai kauri. Baƙin man zamani an rage masa sinadarin zinki, ka nemi wanda aka yi don wannan aiki. Da inji ya kama, kai shi juyi 2,000 zuwa 2,500, ka riƙa ɗan sama da ƙasa na minti 20 zuwa 30, kada ya zauna a silo ko kaɗan, domin fantsamar mai ce ke jiƙa ƙusoshin. Sannan ka zubar da man, ka canza filta.

Mai Kafireto: Kafin a rufe injin kuma, a liƙa laka a kan fistin a juya da hannu sau biyu, a yanka lakar a auna. Bawul ɗin shiga na son tazarar inci 0.080, na fita 0.100. Bayan an gama, ka auna zuƙa a silo da giya a ciki, ka sa wa Holley bawul ɗin ƙarin mai mai rabin lambar da geji ya nuna. In geji ya nuna 13, ka sa mai 6.5.