Wane suna za mu raɗa wa rubutun nan na takardar shaida?

Assalamu alaikum jama'a. Masu aikin ɗab'i da masu tsara katin biki, ku matso kusa, da ku nake.

Akwai wani salon rubutun boko da kowa ya san shi da ido, amma babu sunansa a bakinmu. Shi ne ake rubuta sunan mutum da shi a takardar shaidar kammala karatu: haruffa masu kauri, masu kusurwa, a matse da juna, manyan kuma sun sha ado. Shi ne a goshin jaridar The New York Times ta Amurka da The Daily Telegraph ta Ingila. Bature na ce masa blackletter, ko gothic, ko Old English. Mu kuwa in mun je shago sai mu ce "irin na satifiket ɗin nan". Abin ya daɗe yana damuna.

Hanya mafi sauƙi ita ce mu ari kalmar, mu ce gotik. Ni ban goyi baya ba. Tun asali sunan raini ne: masanan Italiya na ƙarni na 15 ne suka laƙaba masa, don a ganinsu rubutun jahilai ne, sai suka jingina shi ga Gotawa, mutanen da suka wawashe birnin Rum a shekarar 410. Alhali Gotawa ba su taɓa ganinsa ba, sai wajen ƙarni na 12 ya bayyana. Sannan a Amurka kalmar tana da wata ma'ana daban, domin salon rubutun da ake kira Franklin Gothic miƙaƙƙun haruffa ne da babu ado a jikinsu ko kaɗan. Ka ce wa yaron shago gotik, yana iya buɗe kwamfuta ya bugo maka kishiyar abin da ka zo nema.

To mu fassara blackletter mu ce baƙaƙen haruffa? Nan ma akwai cikas. A wurin Bahaushe harafi kansa sunansa baƙi, duk wanda ya yi babbaƙu da farfaru a makarantar allo ya sani. Baƙin da Bature ke nufi shi ne yadda tawada ke rinjayar farin shafi har ya yi duhu. Mu kuwa da ruwan zinare ko ja muka fi buga shi a kati. Yaya za ka ce a buga maka baƙin rubutu ja?

Wani ɗan'uwa ya kawo "rubutun Jamus", kuma yana da hujja. Da irin wannan salo Gutenberg, wanda ya ƙirƙiro injin ɗab'i a Turai, ya buga Baibul a birnin Mainz na Jamus wajen 1455. Jamusawa sun riƙe nau'insa mai suna Fraktur a littattafai da jaridu har 1941, lokacin da gwamnatin Hitler ta yi umarnin a daina. Sai dai Faransa da Ingila sun yi ƙarnoni suna rubutu da shi, bai kamata mu mallaka wa ƙasa ɗaya ba.

Ni dai cewa na yi mu duba yadda hannu ke yin sa. Alƙalami ne mai faɗin baki. Wanda ya taɓa feƙe alƙalamin kara ya san in ka ja shi ƙasa layin kauri yake yi, in ka karkata ya sirance. Marubutan Turai na wancan zamani a fatar dabba suke rubutu, fata kuwa tsada gare ta, sai suka matse haruffa don shafi ya ci magana da yawa. Da'ira ta koma kusurwa. Sandunan haruffa suka jeru a tsaye, kaurinsu ɗaya, tazararsu ɗaya. Ka ja baya ka kalli shafin, ba ka ganin kalma da kalma, abin da za ka gani kamar zaren da masaƙi ya ja ne a jere. Su ma masu abin haka suka gani: nau'in da Gutenberg ya kwaikwaya sunansa textura, daga kalmar Latin mai nufin saƙa.

Don haka shawarata: saƙaƙƙen rubutu. A shago kana iya gajarta shi, ka ce "sa mini sunan amarya da saƙaƙƙe". Na so "karyayyen rubutu" saboda ma'anar Fraktur ke nan, amma a kunnenmu karyayye abu ne da ya lalace, ba wanda zai biya kuɗinsa.

Sunan yana ma koyar da yadda ake amfani da shi. Abin da aka saƙa ba ya warwaruwa da sauri a ido, shi ya sa a yau wurinsa kanu ne: suna, take, layi ɗaya ko biyu. Adireshi da ranar ɗaurin aure a bar su da rubutu na yau da kullum, don tsoho ya karanta ba wahala. Kuma don Allah kada a jera shi da manyan baƙaƙe zalla, adonsu cakuɗewa yake yi har sunan ya ɓace.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne da yawa daga cikin saƙaƙƙun da ake saukewa a intanet ba su da ƙ, ɗ da ɓ, sai ka ga Ɗanladi ya koma Danladi a takardar da zai adana har tsufa. Kafin ka ɗauki kowanne, ka buga kalmar saƙaƙƙe da shi tukuna. Ƙ uku ne a cikinta, nan take za ka ga ko ya san da Hausa.