Kira na shigowa amma yana ƙarewa a akwatin saƙon da ba namu ba (FreePBX)

Mai_Kula_da_Ofis

Assalamu alaikum. Ofis ne mai ma'aikata 8, an kafa FreePBX, manhajar da ke rarraba kiran waya a ofis, da layin SIP ɗaya (layin waya ta intanet) daga kamfanin waya, lambobin ciki 101 zuwa 108. Abin da ake so: daga ƙarfe 8 na safe zuwa 5 na yamma kira ya fara zuwa teburin karɓar baƙi, wato 101, in ba a ɗaga ba ya wuce sashen ciniki, 102 zuwa 104, tare da wayar hannun manaja, in nan ma shiru, ya faɗa akwatin saƙon murya na ofis. Bayan an tashi, kai tsaye akwatin. Amma sau da yawa saƙon yana ƙarewa a akwatin wayar hannun manajan ne. Ga shi kuma da sassafe na'urar na cewa an rufe alhali mutane na zaune. Ina gyaran yake?

Injiniyan_Layi

Wa alaikumus salam, Malam. Ka fara zana hanyar a takarda kafin ka taɓa saiti, kuma ka gina ta daga ƙarshe zuwa farko, domin kowane mataki na neman inda zai miƙa kira, sai wurin ya wanzu za ka gan shi a jerin zaɓi.

Akwatin saƙo tukuna: buɗe lambar ciki wadda ba ta da waya, misali 200, ka kunna mata saƙon murya. Sai rukunin ringin 601 mai ɗauke da 102, 103 da 104, duka su yi ƙara tare na sakan 20, in ba a ɗaga ba ya tafi akwatin 200. Sai rukuni 600 mai ɗauke da 101 kaɗai, sakan 15, makomarsa 601. Kada ka tura kira ga 101 kai tsaye. In ka yi haka akwatin 101 ne zai cafke shi, ba zai taɓa isa sashen ciniki ba. Daga nan ka yi jadawalin ranaku da sa'o'in aiki, ka ɗora sharaɗin lokaci a kansa: cikin lokaci zuwa 600, wajen lokaci zuwa 200. Ƙarshe, hanyar kira mai shigowa ta nuna wannan sharaɗin. Ka danna jan maɓallin Apply Config na saman shafin, mai tabbatar da saitin, in ba haka ba duk aikin yana kan allo ne kawai.

Batun wayar manaja kuwa, na'urar ba ta bambanta mutum da inji. Wanda ya riga ɗagawa shi ke da kira. In wayar a kashe take ko babu sabis, akwatin saƙon kamfanin salula zai ɗaga cikin sakan biyu ko uku, tun kafin ma'aikaci ya miƙa hannu. Maganinsa, a rukuni 601 ka rubuta lambar wayar manajan da alamar # a ƙarshenta, sannan ka kunna zaɓin tabbatar da kira. Duk wanda ya ɗaga a wayar hannu sai ya danna 1 kafin a haɗa shi. Inji ba ya danna 1, shi ke nan.

Hajiya_Netwok

Matsalar safiya agogo ne. Sabar (kwamfutar da ke ɗauke da FreePBX) sau da yawa na zuwa a kan lokacin UTC, wato lokacin duniya, wanda ba lallai ya yi daidai da na garinku ba. Ka shiga sabar ka buga umarnin timedatectl, ka duba yankin lokaci, ka tabbatar NTP, mai daidaita agogo ta intanet, na aiki.

Ƙari a kan bayanin Injiniya: sakan 15 da 20 sun zama 35 mai kira na sauraron ringin. A ganina iyakar ke nan, kada a ƙara ko ɗaya. Kuma ka duba yadda kamfanin ke turo lambarku. Wani na sa alamar + da lambar ƙasa, wani ba ya sawa. In abin da ka rubuta a gurbin DID, wato gurbin lambar layinku a hanyar kira mai shigowa, bai yi daidai da nasu ƙwaya da ƙwaya ba, kiran ba zai bi hanyar ba. Buga asterisk -rvvv a sabar don ganin abin da Asterisk, injin da ke ƙarƙashin FreePBX, ke yi, ka kira layin, ka kwafi abin da ya fito. Tunda layi ɗaya ne ma, bar gurbin babu komai, zai karɓi duk abin da ya shigo.

Mai_Kula_da_Ofis

Na gode ƙwarai. Agogon ne kuwa, kuma danna 1 ya yi aiki. Saura ɗaya: ana ganin saƙo ya shigo, in an saurara babu murya.

Dattijon_Asterisk

Ɗan'uwa, wannan ba laifin akwatin ba ne, muryar ce ba ta isowa ciki. SIP na kafa kira ne kawai, galibi ta ƙofar sadarwa (port) 5060. Murya kuma wani tsarin daban mai suna RTP ke ɗaukarta, ta ƙofofin UDP 10000 zuwa 20000 a Asterisk. Ka buɗe su a rauta (na'urar da ke raba intanet a ofis) zuwa sabar, ka rubuta adireshin IP na waje da na cikin gida a saitin SIP, ka kashe SIP ALG, zaɓin da ke sake rubuta saƙonnin SIP, a rautar, don ɓarnarsa ta fi gyaransa. In ka ga kira na tsinkewa wajen sakan 32, ciwon ɗaya ne: adireshin da ake turawa ba daidai ba ne. Amma ƙofar 5060 kada ka buɗe wa duniya, taƙaita ta ga adireshin kamfanin layinku.

Gaisuwar akwatin fa? Daga kowace waya danna *98, sa 200 da lambar sirri, danna 0, sai 1 don gaisuwar ba a nan, 4 don ta wucin gadi lokacin hutu. Mutane na mantawa su goge ta wucin gadin, ita kuma tana danne sauran har sai an cire ta. Akwatin na cika a saƙo 100 in ba a canja ba, daga nan ya daina karɓa, don haka ka sa a riƙa tura saƙon ta imel, a kuma ba mutum ɗaya alhakin sharewa. Lambar sirri kada ta zama 200 ko 1234.